Sinanu Ɗan Sabitu, Mai Riƙon Asibitocin Bagadaza

Jama'a, in mutum ya kwanta asibiti Allah ya ba shi lafiya, in ya komo gida wa ya kan yaba? Likita ya kan yaba, sai kuwa mai jiyyar da ta kwana a kansa. Ba mu taɓa jin wanda ya ce madalla da wanda ya sayo bargon da na rufa ba, ko wanda ya sa aka dama kunun da na sha a kan kari. Mutumin nan da ke zaune a ofis da littafin lissafi da mabuɗin sito, ba a tunawa da shi sai ran da magani ya ƙare. Mu dai a ganinmu an tauye masa hakki. Domin mu kafa hujja, bari mu tuna da wani mai riƙon asibiti wanda ya rasu yau fiye da shekara dubu.

Sunansa Sinanu ɗan Sabitu. An haife shi wajen shekara ta 880, ya rasu a Bagadaza cikin 943. Ubansa, Sabitu ɗan Ƙurra, mutumin Harrana ne, masanin lissafi da taurari, wanda ya juya littattafan Yunanawa da dama zuwa Larabci. Sinanu ya yi wa halifofi uku likitanci, watau Muƙtadiru da Ƙahiru da Radi, kāna aka danƙa masa kula da asibitocin birnin. Ɗansa ne ya rubuta labarin aikin, daga gare shi Ibn Abi Usaibi'a ya kwaso cikin littafinsa na tarihin likitoci a ƙarni na 13.

Cikin 918 Sinanu ya buɗe asibiti biyu. Ɗaya na uwar Halifa ne, a bakin kogin Dijla, ana kashe masa dinari 600 kowane wata. Ɗayan na Halifa Muƙtadiru ne da kansa, a Ƙofar Sham, bisa shawarar Sinanu, ana kashe masa dinari 200 a wata. Ku lura da abin da masu tarihi suka ga ya cancanci rubutawa, watau kuɗin wata. Sun san gina asibiti sau ɗaya a ke yi, ciyar da shi kuwa kowane wata ne, kuma lalle sai da wanda zai tsaya a kan wannan ciyarwa.

Ga labarin da ya fi kama mana zuciya. Akwai wani asibiti a birnin, na Badaru, wanda a ke ciyarwa daga waƙafin da uwar Halifa Mutawakkilu ta bari. Amfanin waƙafin nan kashi biyu a ke raba shi, kashi na Hashimawa dangin sarauta, kashi na asibiti. Sai wakilin waƙafin ya riƙa biyan Hashimawa a kan lokaci, na asibiti kuwa ya jinkirta, in ya tashi bayarwa ya rage. Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san halin duniya. Ɗan sarauta in kuɗinsa ya makara, gobe da sassafe yana ƙofar gidanka da mutanensa. Majiyyaci kuwa ko tashi zaune ba ya iyawa, balle ya kai ƙara.

Sinanu ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Waziri Aliyu ɗan Isa, ya bayyana masa cutar da majiyyata ke sha, da yadda gawayi da abinci da mayafi suka yi musu ƙaranci. Lokacin kuwa hunturu ne, sanyi ya tsananta. Waziri ya juya takardar ya yi rubutu a bayanta zuwa ga wakilin waƙafi. Ya nuna masa munin abin, ya ce lalle a raba kuɗi bisa adalci, asibiti ma ya fi cancanta saboda raunin masu fakewa a cikinsa. Ya nemi a gaya masa dalilin jinkirin, ya umurta a biya da gaggawa domin majiyyata su sami ɗumi da tufa da abinci da magani.

Wannan Wazirin ne kuma, a wata shekara ta annoba, ya tuna da waɗanda ke kurkuku, ya ce a sa likitoci su riƙa shiga wurinsu kullum da magunguna. Ya tuna da mutanen ƙauyukan Iraƙi waɗanda ba su da likita, ya ce a aika musu da likitoci da akwatin magani, su sauka kowane gari gwargwadon bukata sa'an nan su wuce gaba. Umurni na Waziri ne, amma neman mutane da haɗa kaya da tsara tafiya duk a kan Sinanu suka faɗa. Da likitocin suka isa Sura, inda yawancin mazauna Yahudawa ne, suka tambaya ko su tsaya ko su wuce. Sinanu ya kai maganar gaban Waziri, ya tuna masa cewa al'adar asibitin birni ita ce a yi wa Musulmi da wanda ba Musulmi ba magani. Waziri ya yarda a duba su, ko da ya ke ya ce a fara da Musulmi.

Cikin 931 wani mutum ya mutu saboda kuskuren likita. Halifa Muƙtadiru ya hana kowa yin magani a Bagadaza sai wanda Sinanu ya jarraba ya ba shi takarda da rubutun hannunsa. Waɗanda aka jarraba sun kai 860 da 'yan kai, ban da mashahurai da masu yi wa fada aiki.

To, wani zai ce ai Sinanu babban likita ne, don haka yabon nan na likitoci ne dai. Wani kuma zai ce alherin na Waziri ne. Mun ji, amma a duba takardar gawayin nan. Rubuta ta ba ya bukatar sanin jijiya ko sunan cuta. Abin da ya ke bukata shi ne mutumin da ya shiga sito ya ƙidaya, ya zaga ɗakunan majiyyata da sanyin asuba ya ga masu rawar ɗari, ya san watannin da kuɗi suka makara, kāna bai ji tsoron fushin masu gari ba. Waziri kuma, kome adalcinsa, ba ya gyara abin da bai ji ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

'Yan'uwa, da yawa cikinmu wata rana za a miƙa mana mabuɗi, ko na siton makaranta, ko na abincin yara 'yan kwana. Ranar kuwa za ta zo da rabon babba da rabon marasa baki za su fito daga jaka guda, kuɗin kuma ba su isa duka biyu ba. Fatanmu a ran nan mu tuna da Sinanu, mu ƙidaya abin da ya rage, mu rubuta wa na gaba gaskiyar lamari, mu sa hannu da sunanmu. Kafin ranar, in ɗayanmu ya je dubiya asibiti ya ga gado da tsabta, abinci ya zo a kan kari, to, ya leƙa ofis ya ce wa mai littafin nan sannu da aiki.

Wassalam.