Raddi Ga Masu Cewa Sukar Gwamnatin Isra'ila Na Jawo La'ana

Ana yawan wa'azi a majami'unmu cewa duk Kiristan da ya soki gwamnatin Isra'ila ya jawo wa kansa la'ana. 'Yan'uwa cikin Almasihu, wannan magana ba ta da gindi.

Hujjarsu ta farko ita ce alkawarin albarka da la'ana da ke Farawa 12:3. To, da wa Allah yake magana a wurin? Da Ibrahim ne, ba da ƙasar da Ben-Gurion ya shelanta kafuwarta ranar 14 ga Mayu 1948 ba. Manzo Bulus, Bayahude ɗan kabilar Biliyaminu, ya warware zancen a Galatiyawa sura 3: alkawarin ya cika a kan Almasihu, duk wanda yake nasa kuwa magajin Ibrahim ne, ko Bayahude ko Balarabe ko Bahaushe.

Suka ce ai koyarwar da muka gada ce. Daga wa? John Nelson Darby ne ya tsara ta a Birtaniya wajen shekarun 1830, ya raba makomar Isra'ila da ta ikilisiya. A 1909 Cyrus Scofield ya fitar da bugun Littafi Mai Tsarki mai ɗauke da sharhinsa a ƙarƙashin ayoyi, shafi ɗaya da nassi, har mai karatu ya daina rarrabe maganar Allah da ta Scofield. Daga makarantun Baibul na Amurka ta biyo 'yan mishan ta iso mana. Ikilisiya ta shafe ƙarni 18 ba ta san wannan tsari ba.

A ce ma mun yarda da su, yaushe zaɓen Allah ya hana tsawata wa mai mulki? Natan ya tsaya gaban Dawuda, Iliya kuma ya tare Ahab a kan gonar inabin Nabot. Na Nabot ɗin batun ƙwace ƙasa ne fa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Kiristocin Falasɗinu. A Oktoban 2023 harin jirgin Isra'ila ya kashe mutanen da suka fake a harabar cocin Porfiriyus da ke Gaza. Tun 2006 wasu shugabannin ikilisiyoyin Urushalima suka yi watsi da wannan koyarwa a rubuce. Mun fi su sanin ƙasar ne?

Ƙin Yahudawa zunubi ne, kisan da Hamas ta yi ranar 7 ga Oktoban 2023 kuma ta'asa ce. Sai dai wasunmu suna ɗaga tutar Isra'ila ne kawai don maƙwabcinsu Musulmi ya ɗaga ta Falasɗinu. Fastoci, ku karanta wa jama'a Galatiyawa 3 gaba ɗayanta kafin ku sake tsorata kowa da la'ana.