Kafin ka sayi 'yan tsaki, ka yi wa huhunka lissafi

Kullum tambayar nan ita ce nawa ne buhun abinci, nawa za a ci riba a kaji ɗari. Yau ina so mu taɓa abin da ba a sa shi a lissafi, wato numfashin mai kiwon.

Ni a Dawakin Kudu nake, na daɗe ina kiwon kajin ƙwai. Abin ya fara mini da tari busasshe. Duk ranar da na kwashe kashin kaji, da yamma sai zazzaɓi da rawar sanyi da haki, kashegari in ji sauƙi. Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro har na gaji. An gwada majinata, ba tarin TB ba ne. Sai da wani likita a Kano ya tambaye ni sana'ata, aka ɗauki hoton ƙirji aka auna numfashi, sannan ya ce ciwon huhun masu kiwon tsuntsaye ne.

Ga yadda abin yake. Ƙurar gashin tsuntsu da busasshen kashinsa, ko fumfunar hatsi da ciyawa, in ta shige can cikin huhu, garkuwar jikin wasu mutane sai ta tashi faɗa da ita, huhun ya kumbura. Alamun kan zo awa 4 zuwa 8 bayan aikin, shi ya sa ba ma gane daga ina suke. Tun 1932 aka bayyana irinsa a manoman Ingila masu aiki da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba kowa yake samu ba. Amma in aka daɗe ana shaƙa, huhu kan yi tabo, tabon kuma ba ya gogewa.

Har yau ina tambayar kaina daga ina nawa ya fito. Tattabarun da na kiwata tun ina yaro? Ɓuntun shinkafar da nake kwasowa daga injinan Kura ina shimfiɗa wa kaji? Ko masarar da ta sha damina na ce ai kaji ne za su ci? Wataƙila duka ne.

Ra'ayina shi ne, wanda bai ware kuɗin tagogi da takunkumi ba, jarinsa bai cika ba. Wani zai ce kakanninmu sun yi kiwo ba takunkumi. Gaskiya ne, amma kajinsu goma ne suna yawo a tsakar gida. Mu ɗari biyar muke tarawa a ɗaki ɗaya, da hunturu mu liƙe ko'ina da leda, mu kunna gawayi.

Don haka ka gina ɗaki mai raga ta ɓangarori biyu, nesa da inda kuke kwana. In za ka kwashe shimfiɗa bayan an fitar da kaji, yayyafa ruwa tukuna, ka sa takunkumi N95, don ƙyalle ba ya tare ƙura mai laushi. Abinci ko ɓuntun da ya yi fumfuna a zubar, su ma 'yan tsaki yana kashe su da ciwon huhu. Kar a tura yara shara. Masu bandar tarwaɗa, ku ma a fili, ba a ɗaki ba.

Tarin da ya kai sati biyu a je asibiti a gwada TB, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kuma ka faɗa wa likita da bakinka cewa kana kiwon kaji, kar ka jira ya tambaya.

Ni yanzu na sayar da tattabarun, ɗakin kaji kuwa sai dai in leƙa daga waje. Hawa bene ma sai na huta a hanya. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kiwonmu.