RA'AYINMU: Tsohon Kare a Hannun Tsoho

A ƙasashen Ingila da Amurka akwai wani tsari da ya cancanci a tsaya a yi nazarinsa, watau ba tsofaffin mutane riƙon tsofaffin karnuka. Masu zuwa gidajen da ake tara karnukan da aka yasar galibi kwikwiyo suke nema. Saboda haka tsohon kare yakan daɗe a can, wani lokaci har a kashe shi don rashin mai ɗauka.

A shekarar 1985 wata mata mai suna Averil Jarvis ta kafa ƙungiyar Cinnamon Trust a Ingila. 'Yan sa-kai na ƙungiyar sukan fita da kare yawo idan ƙafar mai shi ta gaza, su riƙe shi idan an kwantar da mai shi a asibiti, in kuwa ya rasu a samo wa karen wanda zai riƙe shi har ƙarshen ransa. A 2007 kuma aka kafa Muttville a birnin San Faransisko, wadda ke karɓar karnuka masu shekara 7 zuwa sama, ta kuma yafe kuɗin ɗauka ga wanda ya kai shekara 62.

Hikimar abin a fili take. Tsohon kare ya saba da zaman gida, ya rage guje-guje, ba zai fizge igiya ya ka da tsoho ba. Shi kuwa tsoho ya sami dalilin tashi da safe, ya motsa ƙafa, ya gaisa da maƙwabta.

Wannan jarida ta yaba da tausayin da ke cikin tsarin. Ko da yake zama da kare a ɗaki ba al'adar Bahaushe ba ce, hadisi ya tabbatar da gafarar da wani mutum ya samu don ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Wannan ma ya isa jan kunne ga masu korar karen gadi zuwa titi da zarar haƙoransa sun zube.

Amma tilas a tambayi abin da ya sa tsoho ya rasa abokin hira sai kare. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum fiye da miliyan 3 masu shekara 65 zuwa sama suna zaune su kaɗai a Ingila da Wales. Tun a 2018 ma gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista don yaƙi da kaɗaici. 'Ya'ya sun bi aiki birane, iyaye sun rage a gida.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. 'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal su ma sun baro tsofaffi a gida, kuɗin da ake aikawa kuwa ba ya hira da mutum. A nan Kudu ma akwai tsohon ɗan dako da tsohon mai gadi da ƙarfinsu ya ƙare, suna kwana a rumfar masallaci.

Lalle ne Sarakunan Hausawa na Sabon Badun da Agege da sauran zanguna, tare da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su rubuta sunayen irin waɗannan dattawa, su ɗora kowanne a wuyan wani gida da zai leƙa shi kullum, su tanadi kuɗin magani da na motar mai son komawa gida. Idan Turawa sun iya shirya wa kare wannan gata, ɗan Adam ya fi cancanta.