Na'ura Ba Ta Tambaya: A Koya wa Ɗaliban Jinya Sauraro da Duba Jiki

Duk wanda ya dawo daga asibiti a Alaba Rago ko Zangon Agege da ke Legas, abin da 'yan uwa ke fara tambayarsa shi ne: "An yi maka gwaji?" In ya ce an ɗebi jini, an ɗauki hoto, sai hankali ya kwanta, ko da kuɗin ya cinye ribar mako guda. In kuwa ya ce malamar jinya ce ta zaunar da shi tana ta tambayoyi, ta buɗe idonsa, ta danna cikinsa, sai a ce ai ba a duba shi ba, a sake wuri. Wannan ra'ayi na cewa na'ura ita ce asibiti bai tsaya a bakin kasuwa ba. Ya kutsa har azuzuwan koyon jinya, inda ɗalibai da yawa ke ɗaukar darasin karɓar labarin ciwo da duba jiki a matsayin jerin tambayoyin Turanci da za a haddace a ci jarrabawa, ainihin aikin kuma na likita ne da ɗakin gwaji. Ra'ayin nan kuskure ne, kuma a kan talakan da ba ya jin Turanci ko Yarbanci yake ƙarewa.

A 1975 likita John Hampton da abokan aikinsa a Nottingham ta Ingila sun bi sababbin majinyata 80 don su ga ta ina ake gane ciwo. A mutum 66, takardar da aka turo su da ita da labarin da suka bayar da bakinsu sun wadatar. Duba jiki ya warware na mutum 7, gwaji ya warware na sauran 7. Na'urori sun ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, amma har gobe babu wadda ke tambayar mutum inda ya kwana makon jiya.

Legas kanta shaida ce. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ba shi da lafiya, aka kai shi asibitin First Consultants a Obalende. Zaton farko maleriya ne, shi kuma ya musanta cewa ya yi mu'amala da mai Ebola. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta haɗa inda ya fito da abin da idonta ke gani a jikinsa, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta rasa ranta, haka ma ma'aikaciyar jinya Justina Ejelonu, amma cutar ta tsaya a mutum 20 a faɗin ƙasar, 8 suka rasu. Kafin sakamakon jini ya fito, tambaya da lura ne suka tare ƙofa.

To mu dawo Alaba Rago. Mutumin da ya zo da zazzaɓi daga wannan kasuwa ta Ojo ba kamar kowane mazaunin Legas ba ne. Wataƙila shekaranjiya ya sauka daga tirelar dabbobi bayan ya ratso jihohi da dama. Wataƙila mahauci ne da hannunsa ke cikin jini da tumbi kullum, ko mai shan nonon da ba a dafa ba. Akwai cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum: tarin fuka na shanu, da cutar da ke sa shanu ɓari, wadda a jikin mutum ke zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, da kuma antaraks da aka tabbatar da ɓullarta a dabbobi a Jihar Neja da Legas a Yulin 2023. Ga zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa a inda ake tara hatsi. Duk waɗannan za a iya yi musu laƙabin "maleriya da taifod", a ba mutum allura ya tafi, muddin ba a yi masa tambayoyi uku ba: mece ce sana'arka, daga ina ka taso, me kake ci kake sha?

Yin tambayar ma bai isa ba, sai an fahimci amsar. Bahaushe in ya ce "sanyi ke damuna", yana iya nufin ciwon gaɓoɓi, ko zafin fitsari, ko cutar da ake ɗauka ta saduwa wadda kunya ta hana shi ambata. "Basir" kan ɗauke komai, daga kumburin dubura har zubar jinin da ka iya zama dajin hanji. Mace mai ciki da aka kawo ƙanin mijinta ya yi mata tafinta ba za ta taɓa cewa tana ganin jini ba. Za ta ce "jikin ne dai". Kuma da wuya majinyaci ya faɗi abin da ya riga ya sha in ba a tambaye shi cikin mutunci ba: ƙwayoyin kemis, jiƙo, ƙahon wanzami, kunun kanwa na mai jego. Ɗalibar da aka koya wa harara da tsawa idan ta ji an ambaci maganin gargajiya ta rufe bakin majinyacinta da kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an ba shi damar nunawa.

Haka batun duba jiki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, ana zargin ciwon huhu. Abin da ake buƙata agogo ne da haƙurin ƙirga cikakken minti. Fari a tafin hannu da cikin fatar ido yana nuna ƙarancin jini, rawaya a ƙwayar ido shawara ce, wuya mai ƙin lanƙwasuwa alamar sanƙarau. Mai ciki da awon jininta ya kai 140 bisa 90, ga ciwon kai, ga kumburin fuska, tana bakin jijjiga. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa a duba ko fata ta yi ja ko shuɗi. A baƙar fata sai an koya wa ɗalibi ya duba leɓe, dasashi da farce. Ita kanta na'urar ba ta tsira ba: binciken Jami'ar Michigan ta Amurka na 2020 ya nuna cewa ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini yana kasa gano ƙarancinta a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare. Wanda ya dogara da lambar kawai, bai kalli ƙirjin da ke faman ɗagawa ba, zai sallami wanda ya kamata a kwantar.

Za a ce ma'aikata sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo, ina lokacin hira? Gaskiya ne an yi ƙaranci. A Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Amma wannan hujja ce a kan masu kawo ta. A ƙananan asibitocin unguwa, malamar jinya ce ke fara ganin majinyaci, sau da yawa ita ce ta ƙarshe. Ita ke yanke wa zai jira, wa za a garzaya da shi babban asibiti. Minti biyar na tambaya mai kan gado ya fi gwaji biyar da aka rubuta da ka. Ba na cewa a bar gwaji. A tabbatar da maleriya kafin a ba da magani, haka ya kamata. Amma tambaya ce ke zaɓar gwajin da ya dace, ita ce kuma ke hana a talauta mai ciwo a banza.

Gyaran ba shi da nisa. Kwalejin koyon jinya ta Jihar Legas tana Igando, ba nisa da Alaba Rago. Asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, maƙwabcin tsohuwar unguwar Hausawa. A fito da ɗalibai daga gaban mutum-mutumin roba a kai su waɗannan unguwanni tare da malamansu, su karɓi labari daga mahauta, direbobi da matan gida. A jarrabawar aiki, a sa musu majinyacin da ba ya jin Turanci, a ga yadda za su nemi tafinta mace ga mace, yadda za su nemi izini kafin su taɓa jiki, yadda za su sa labule. A ba da maki a kan abin da ɗalibi ya gano, a daina bayarwa a kan yawan tambayoyin da ya karanto.

Mu ma da namu aikin. Sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin kasuwa su ɗauki nauyin 'ya'yanmu mata da maza su shiga makarantun jinya, don yaron da ya tashi a Agege yana jin Hausa, Yarbanci da Turanci dukiya ce da asibitocin Legas ke buƙata. Kuma mu daina raina wadda ta tsaya tambayarmu. Idan malamar jinya ta ce, "Baba, me kake sayarwa, yaushe ka dawo daga gida?", a ba ta amsa cikakkiya, a faɗi har abin da aka sha a ɓoye. Aikinta take yi, kuma sau da yawa a cikin amsar nan maganin yake.