NAZARI: Gana ta kashe sama da dala miliyan 240 a Wasannin Afirka, amma aka rasa mai riƙe da lissafi

A watan Agustan 2024, wata biyar bayan kammala Wasannin Afirka karo na 13 a birnin Akra, ministan matasa da wasanni na Gana a lokacin, Mustapha Ussif, ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokoki mai bin diddigin kuɗaɗen gwamnati. Ya shaida wa kwamitin cewa an biya gidan rediyo da talabijin na ƙasa, GBC, sama da dala miliyan 3 na aikin watsa gasar. Ba a jima ba shugaban GBC, Farfesa Amin Alhassan, ya fito ya ce abin da hukumarsa ta amfana da shi dala 105,000 ne kacal. Daga baya aka yi bayanin cewa mafi yawan kuɗin sun tafi ne ga kamfanonin da aka ɗauko domin ɗaukar hotunan wasannin da watsa su.

Ko da an karɓi wannan bayani yadda yake, akwai abin dubawa. Hukumomi biyu na gwamnati ɗaya, waɗanda suka yi aiki ɗaya a gasa ɗaya, sun kasa gabatar wa jama'a adadi ɗaya sai da suka yi musu a bainar jama'a. Irin wannan saɓani ya bi gasar tun daga farkonta.

Tun a 2018 Gana ta samu izinin karɓar baƙuncin wasannin, amma sai a ƙarshen 2020 Shugaba Nana Akufo-Addo ya ƙaddamar da kwamitin shirya gasar, ƙarƙashin Dokta Kwaku Ofosu-Asare.  An aza harsashin ginin cibiyar wasanni ta Borteyman a 2021, sannan aka jingine katafaren filin wasa da aka fara tsarawa a can, aka koma ga filin Jami'ar Gana da ke Legon, wanda aka fara ginawa tun zamanin Shugaba John Kufuor aka bar shi a yashe.

Ana cikin haka tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. A watan Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, gwamnati kuma ta dakatar da biyan mafi yawan basussukanta na waje. A farkon 2023 tsofaffin ma'aikata suka yi ta zaman dirshan a harabar ma'aikatar kuɗi, har da tsohuwar babbar jojin ƙasa Sophia Akuffo, domin kada a taɓa musu ajiyarsu a shirin sake fasalin bashin cikin gida. A watan Mayun shekarar Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince wa Gana da rancen dala biliyan 3. Ma'aikatar da ke roƙon masu binta bashi su yi haƙuri, ita ce kuma ake jira ta saki kuɗin ginin wurin ninƙaya da ɗakunan wasa.

Gasar da aka tsara yi a Agustan 2023 sai da aka ɗaga ta zuwa 8 ga Maris zuwa 23 ga Maris na 2024. Ba laifin Gana kaɗai ba ne. Tarayyar Afirka, mai mallakar wasannin, ta daɗe tana takun saƙa da ƙungiyar kwamitocin Olamfik na Afirka da kuma ƙungiyar hukumomin wasanni na nahiyar a kan wanda zai riƙe harkar talla da kuɗin shiga. Wannan rikici ya ba Akra uzuri, ya kuma ba ta ƙarin wata bakwai da take matuƙar buƙata. Duk da ƙarin lokacin, sai a watan Fabrairun 2024 aka buɗe Borteyman, filin Legon kuma mako guda kafin bikin buɗewa.

Adadin da gwamnati ta bayar na gine-gine shi ne dala miliyan 195: miliyan 145 a Borteyman, miliyan 34 a filin Legon, miliyan 16 a gyaran ɗakunan kwanan ɗalibai da aka mayar masaukin 'yan wasa. Waɗannan aƙalla ana iya zuwa a gan su da ido. Inda aka fi samun ƙura shi ne kuɗin gudanarwa, wato abinci da sufuri da masauki da bukukuwa da watsa shirye-shirye, abubuwan da ba sa barin shaida bayan an watse.

Makonni kaɗan kafin gasar, ɗan majalisar adawa Samuel Okudzeto Ablakwa, wanda daga baya ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin John Mahama, ya fitar da takardun da ya ce sun nuna za a kashe kimanin dala miliyan 48 a gudanarwa, alhali majalisa sidi miliyan 100 ta amince da shi a kasafi, abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan adadi ba. Ya kuma yi zargin cewa fadar shugaban ƙasa ta tara shugabannin kamfanonin gwamnati da na masu zaman kansu domin su cike giɓin.

A nan ne batun ya wuce na almubazzaranci. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ɗora wa majalisa ikon amincewa da fitar da kuɗi daga asusun ƙasa da kuma karɓar rance. Idan aka koma neman gudummawa daga kamfanonin gwamnati, kuɗin na jama'a ne, amma sun bi wata ƙofa da ba ta ratsa zauren majalisa ba. Kowane kamfani zai rubuta nasa a matsayin tallafi ko talla a littafinsa, kwamitin shirya gasa zai rubuta a matsayin kuɗin shiga, ma'aikatar wasanni kuma ta kawo wa majalisa abin da ya bi ta hannunta kawai. Kowa na iya faɗin gaskiya game da ɓangarensa, a kuma rasa wanda zai faɗi jimilla. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma irin wannan rarrabuwar lissafi ita ce tsagar.

Rashin haɗin kan bai tsaya a takarda ba. Afirka ta Kudu ta janye tawagoginta na wasan hoki saboda filin da aka tanada a Akra bai cika ƙa'ida ba. An ɗauke wuta a filin wasa na Cape Coast ana tsakiyar wasan ƙwallon ƙafa na mata. 'Yan tseren keke na Gana sun koka cewa da tsofaffin kekunansu suka shiga gasar da ƙasarsu ta kashe miliyoyin daloli domin shiryawa. Wanda ya san cewa kwanaki kaɗan kafin buɗe gasar kamfanin rarraba lantarki na ƙasa ya yanke wa majalisar dokokin kanta wuta saboda bashi, ba zai yi mamaki ba. Filayen wasa na ƙarƙashin hukumar wasanni ta ƙasa, lantarki na ƙarƙashin ma'aikatar makamashi, jami'a na da nata hukumomin, GBC na da nata, kwamitin shirya gasa kuwa ba shi da ikon tilasta wa ko ɗaya daga cikinsu.

Adalci ne a faɗi cewa an yi gasar, an kuma kammala ta. Masar ta zo ta ɗaya, Najeriya ta biyu, Gana ta ƙare a matsayi na shida da lambobin yabo 69, mafi yawa a tarihinta, ko da yake fiye da rabinsu daga gwajin ƙarfin damtse suka fito. Ta kuma lashe zinare a ƙwallon ƙafa na maza da na mata. Ƙasar ta samu wurin ninƙaya da filin guje-guje na zamani da ba ta da su a da.

Sai dai wata shida bayan haka, a Satumbar 2024, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta janye amincewarta da filin Baba Yara na Kumasi saboda lalacewar ciyawarsa, har aka shiga fargabar cewa tawagar Black Stars za ta buga wasanninta na gida a wata ƙasa. An samu kuɗin sabon gini, ba a samu na kula da tsohon ba, domin na farko aikin gaggawa ne da idon shugaban ƙasa ke kai, na biyu kuma layi ne a kasafin wata hukuma da ba a cika sakar mata kuɗi ba. An yi alƙawarin mayar da Borteyman jami'ar wasanni, wanda shi ma aiki ne da ke buƙatar ma'aikatar ilimi da ta wasanni da ta kuɗi su zauna a teburi ɗaya. Bayan sauyin gwamnati, Shugaba Mahama ya umarci babban mai binciken kuɗi na ƙasa a 2025 da ya bi diddigin kuɗaɗen gasar baki ɗaya.

Labarin ya shafi Najeriya kai tsaye. Abuja ta nemi karɓar Wasannin Ƙasashen Kwamanwel na 2030, birnin Ahmedabad na Indiya ya kayar da ita, ta kuma nuna sha'awar Wasannin Afirka na 2031, bayan na Alƙahira a 2027. A Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni, ya mayar da aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Wannan ya rage matakan da takarda ke bi kafin ta isa fadar shugaban ƙasa, amma bai sa hukumar ta zama mai iko da hanyoyin Abuja, ko kwastan da za su saki kayan wasa, ko shige da fice da za su ba da biza, ko ma'aikatar kuɗi da za ta saki kasafi ba. Abin da ya kamata 'yan majalisar tarayya su nema tun kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya shi ne kasafi guda da ya tattara kason kowace ma'aikata da gudummawar kowane kamfanin gwamnati, da sunan jami'in da zai amsa tambaya a kansa bayan an rusa kwamitin shirya gasa, da kuma kuɗin kula da gine-ginen na shekarun da za su biyo baya.

Abuja ta taɓa karɓar waɗannan wasanni a 2003, domin su aka gina babban filin wasa na ƙasa da aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019. Sai da Aliko Dangote ya ɗauki nauyin gyara ciyawarsa kafin a sake buga manyan wasanni a cikinsa, kuma a shekarun baya-bayan nan a birnin Uyo Super Eagles ke buga wasanninta na gida.