Kafin Ka Zaɓi Zobe, Ka Tambayi Dareta



Wata uku ke nan babu hirar da ta fi ta zobe tashe a cikin zumuntarmu. Ana tashi daga koyon waƙa, sai a taru gindin darbejiya ana miƙa wa juna waya. Wannan na cewa mai dutse ɗaya a tsakiya ya fi aji, waccan na cewa a'a, mai ƙananan duwatsu kewaye shi ake yayi. An yi gardamar farin gwal da jan gwal, an yi ta 18 da ta 21. Har mun ji wata ƙanwarmu tana rantsuwa cewa duk wanda ya zo mata da zoben da ba ya ƙyalli a hoto, ya koma inda ya fito. Aka yi dariya, mu ma muka taya.

Dariyar ta tsaya mana ne ranar da muka ji cewa wani ɗan'uwa ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi tsakanin Gummi da ƙauyuka, ya haɗa da rance, ya aika Kano a sayo masa zobe. Sadaki bai biya ba, ɗakin da zai sa amarya babu rufi, amma zobe ya iso. Ba za mu kira suna ba, domin laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu da muka yi tafi da shewa muna da namu kason.

Abin da muke so mu faɗa ke nan, ba tare da kwana-kwana ba. A duk faɗin Najeriya, matasan Gummi da Anka da Bukkuyum su ne ya fi kamata su ji nauyin maganar gwal, amma sai ga shi muna tattauna ta kamar mutanen da ba su taɓa jin inda yake fitowa ba.

Waɗanda suka haura shekara ashirin da biyar a cikinmu za su tuna 2010. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen neman masu cutar sanƙarau, sai suka tarar da ƙauyuka inda ƙananan yara ke amai, suna jijjiga, suna suma, suna mutuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Da aka gwada jininsu sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare a wannan yanki yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Maza suna kawo shi gida cikin buhuna, a farfasa da guduma, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, mata su daka a turmin da suke daka gero, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a kan tabarma, cikin randa, kan tuwo. Yaro mai rarrafe kuwa, duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai kai.

Masu bincike sun bi gida-gida a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A wasu wuraren, dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 10 cikin 100 na ƙasar kanta, ninki 250 na iyakar da Amurka ta amince da ita a lokacin a wurin wasan yara. Jimillar yaran da aka rasa ta kai aƙalla 400. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje a Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, aka zuba sabuwa, sannan magani ya yi amfani, domin in ka wanke jinin yaro ka mai da shi cikin ƙurar, aikin banza ka yi. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya har farkon 2013, yara kimanin 1,500 suna jiran magani. Waɗanda suka rayu, da yawa dalma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, wasu ido, wasu ƙafa, kuma irin wannan lahani ba ya gyaruwa. Jariran 2010 yau sa'o'in ƙannenmu ne da ke ajin ƙarshe na sakandare.

Me ya tura manoma cikin rami? Farashi. A 2010 oza ɗaya ta zinare, wato giram 31 da ɗoriya, ta kai wajen dala 1,200 a kasuwar duniya, abin da ba a saba gani ba. A 2020 ta haura dala 2,000, a watan Maris na 2025 ta haura 3,000. Wanda gonarsa ba ta ciyar da shi wata shida ba za ka ce masa ya zauna a kan dutsen da ke da wannan daraja ba. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce muna zagin masu haƙa. Iyayen yaran nan ba su san abin da suke shigowa da shi gida ba. Mu kuwa yanzu mun sani, wannan shi ne bambancin. Kuma masifar ba ta tsaya kan dalma ba: a watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara gaba ɗaya, tana cewa akwai alaƙa tsakaninta da 'yan bindigar daji, ba a ɗage hanin ba sai a Disamba 2024. Wanda ke bin hanyar Gummi zuwa Anka ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Mun san abin da wasu za su ce a zuci, ko da ba su furta ba: ai yaran ba 'ya'yan ikkilisiyarmu ba ne. Gaskiya ne, galibinsu 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne. To, sai me? Mu ne muke wasan kwaikwayon Basamariye mai jinƙai na Luka sura 10 kowace shekara, muna rige-rigen wa zai fito a Basamariyen. Masanin Attaura da ya tambayi Yesu ko wane ne maƙwabcinsa, neman iyaka yake yi, yana so a faɗa masa inda ƙaunarsa za ta tsaya. In muka ce kaburburan Dareta ba su shafi yatsunmu ba domin ba a yi wa yaran baftisma ba, to mun zama firist ɗin da ya ratse ta wancan gefen hanya.

Wani zai ce: zoben da aka sayo a Kano, wa ya ce daga Anka gwal ɗinsa ya fito? Babu wanda ya ce. Zinare ba ya da shaidar haihuwa. Ana narka shi, a haɗa da na wasu wurare, mai yawa ya bi ta Dubai, ya dawo mana cikin ƙaramin akwati mai jan ƙyalle. Mai shago zai nuna maka hatimin 750 ya ce karat 18 ne, wato kashi 75 cikin 100 zinare, ko 875 ya ce 21 ne. Zai auna maka giram a gabanka. Tambaye shi ramin da aka haƙo shi ka ga ko zai iya amsawa. Ba za mu iya cewa zobenka daga Bagega ya zo ba, kai ma ba za ka iya cewa ba daga can ya zo ba. Abin da muka tabbatar shi ne, farashin da ya tura mutane rami, masu saye ne suka ɗaga shi.

Sannan wannan al'ada da muke kashe kanmu a kai, ta wa ce? Kakanninmu sun yi baiko da goro da 'yan kuɗi da shaidar dattawa. Zoben baiko mai lu'ulu'u ko a ƙasar Turawa bai zama dole ba sai da kamfanin De Beers, mai haƙar lu'ulu'u a Afirka ta Kudu, ya ɗauki wani kamfanin talla na Amurka, N. W. Ayer, a 1938, domin kasuwarsa ta faɗi. A 1947 suka fito da taken tallar da ya haɗa lu'ulu'u da dawwamar aure, daga baya suka koya wa samari cewa albashin wata biyu shi ne daidai kuɗin zobe. Ɗan kasuwa ne ya yanka wannan ƙa'ida, ba manzo ba. Dokar aure ta Najeriya tana neman sanarwa ta kwana 21, da shaidu biyu, da wurin da aka ba izini, da takarda. Zobe ba ya ciki. Kuma ku lura, a bakinmu na masu bi kalmar baiko tana da ma'ana biyu: wanda ake yi wa budurwa, da wanda ake sakawa a faranti ranar Lahadi. Wanda ya kashe kuɗin babur a kan na farko, ku dubi abin da yake jefawa a na biyu.

Masu son kare kansu da Littafi Mai Tsarki sukan ruga Farawa 24. I, bawan Ibrahim ya ba Rifkatu zoben zinare, nauyinsa rabin shekel, kusan giram shida, da mundaye biyu masu nauyin shekel goma. Amma ku karanta surar duka. Na hanci ne, ba na yatsa ba. Daga dukiyar mai gida ya fito, wanda ke da raƙuma goma da zai tura tafiya, ba daga rance ba. Kuma bai fito daga jaka ba sai bayan yarinyar ta gama shayar da raƙuman nan goma da tulunta. Hali aka fara dubawa. Ba a ce Rifkatu ta juya zoben tana tambayar karat nawa ne ba. Littafi bai haramta zobe ba, uban ɗa ɓatacce ma ya sa wa ɗansa. Amma Yakubu sura 2 ta tsawata wa ikkilisiyar da ke ba mai zoben zinare kujerar gaba ta bar matalauci a tsaye, kuma abin da muke yi ke nan duk lokacin da muka kewaye hannun wata muna ihu, muka wuce wata da aka yi mata baiko da Littafi Mai Tsarki da turmin atamfa kamar ba a yi komai ba.

Akwai hujja ɗaya da muke ganin tana da nauyi, kuma iyayenmu mata ne ke kawo ta. Sukan ce gwal ajiyar mace ne, ranar da ciwo ya zo ko kuɗin makaranta, shi za ta kai kasuwa. Wannan gaskiya ce, mun ga ya ceci gidaje. Amma hujjar tana kashe zoben yayi ne, ba ta kare shi. Ranar sayarwa, mai saye zai cire dutsen ya ajiye gefe, ya auna ƙarfen kaɗai, kuɗin aiki da na ƙyalli sun tafi. Wanda aka yi wa ruwan gwal kuwa, ko kallonsa ba zai yi ba. Nan ma akwai abin kunya: matsin da muke yi ya sa wasu samari suna sayen na ruwa su ce na gaske ne. Wata shida ya koɗe, yatsa ya yi kore, amarya ta gane cewa kyautar farko da aka ba ta ƙarya ce.

To wane irin zobe? In ka nace sai ka ba da, ga namu ra'ayin. Sumul, marar dutse, wanda za ta iya wanki da tuƙin tuwo da shi. Na azurfa ya isa, maƙeran farfaru suna nan, za su auna yatsa su ƙera a gabanka. In gwal kake so, nemi tsoho: ɗan kunnen mama da ɗaya ya ɓata, ko guntun sarƙar da ta tsinke, a narka a sake ƙerawa, ba a daka sabon dutse dominka ba. Kada kuɗinsa ya wuce abin da za ka iya faɗa a gaban baban yarinya da fasto ba tare da sunkuyar da kai ba. In babu hali, a bari sai na ranar ɗaurin aure, guda ɗaya ya wadatar. 'Yan'uwa mata, wannan ba za ta yiwu ba sai kun faɗa da bakinku tun da wuri, domin saurayi ba ya tsoron ki ƙi shi kamar yadda yake tsoron abin da ƙawayenki za su ce.

Muna roƙon dattawa da kwamitin aure su ƙara tambaya ɗaya cikin waɗanda ake yi wa masu shirin aure: akwai bashi a kan zoben nan? Muna roƙon Zumuntar Mata su daina kama hannun yarinya suna juyawa a ƙofar majami'a. Mu kuma a zumunta mun yanke cewa ba za mu ƙara sa hoton yatsa a sanarwar baiko ba, fuskokin mutum biyu za mu sa. Duk wanda ke da ɗan'uwa ko maƙwabci da har yanzu yake kawo dutse ko kayan aikin rami cikin gida, ya gaya masa ya bar su can wajen gari, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Maganar ɗan'uwanmu mai babur kuma, za mu tashe ta a taron Laraba bayan addu'a. Mai shagon ya yarda zai karɓi zoben, amma da ragin kuɗin aiki, kuma abin da zai rage ba zai kai kuɗin babur ba. Kowa ya zo da abin da zai iya.