Lahadin Jamus: hutun ma'aikaci ne ko dokar coci?

A Jamus, in madara ta ƙare maka ranar Lahadi, sai dai ka nufi tashar jirgin ƙasa ko gidan mai. Manyan kantuna duk a garƙame suke, kuma doka ce ta garƙame su. Sashe na 140 na kundin tsarin mulkin ƙasar ya ɗauko tanadin tsohon kundin ƙasar, na Weimar na 1919, wanda ya keɓe Lahadi don hutu da raya ruhi. Ƙasar ke nan da ke bugun ƙirji wai gwamnatinta ba ruwanta da addinin kowa.

Kana magana sai a ce ai don ma'aikaci ne, ya samu ya zauna da iyalinsa. To madalla. Amma da Berlin ta yarje wa kantuna su buɗe a Lahadi huɗu na gab da Kirsimeti, su wa suka garzaya kotu? Cocin Katolika da na Furotesta. A 2009 kotun tsarin mulki ta ba su gaskiya.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na jihar Hessen. Kamfanin Tegut ya buɗe ƙananan kantuna da ba mai tsaro a ciki: ka buɗe ƙofa da katin banki, ka ɗauki burodinka, ka biya a na'ura, ka kama gabanka. A ƙarshen 2023 kotu a Kassel ta ce su ma a rufe su ranar Lahadi. Wa ake hutarwa a nan, firji? Sai a 2024 majalisar jihar ta gyara dokar.

A ƙasar nan ce fa aka hana Fereshta Ludin aikin koyarwa a Baden-Württemberg a 1998 saboda hijabinta, wai makaranta ba ta ɗaukar ɓangare. Mayafin mace ɗaya ya zama barazana, amma ofishin harajin gwamnati da ke tara wa coci kuɗi daga albashin mabiyanta, wannan al'ada ce. Haba!

Musulmi na lallaɓar maigidansa ya samu awa ɗaya ta sallar Juma'a. Bayahude mai kanti da ke kiyaye Asabar kuwa, kwana biyu yake asara a mako. In da gaske hutun ake so, a wajabta wa kowane kanti rufewa rana ɗaya a mako, mai shi ya zaɓi ranar da kansa.